Tarihin Sultan Khan, Manomin Da Ya Gagari Turawa A Fagen Dara

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Dakoro, ko ta Maraɗi, ko wata kasuwa a ƙasar Hausa, ya san cewa da zarar la'asar ta yi sanyi, ciniki ya ja baya, ba a rasa wata inuwa da dattawa da samari suka kewaye, an tona gurabe talatin a ƙasa, wannan yana riƙe da tsinke goma sha biyu, wancan kuma tsakuwa goma sha biyu, ana dara. Wani lokaci ma gwanin wani ƙauye ne yake zuwa da mutanensa don ya gwada hannu da gwanin gari, kowane ɓangare yana tsaye bayan nasa. Da yawa daga cikinmu, musamman iyayenmu mata da ke zaune gaban tire tun safe, kallon ɓata lokaci suke yi wa abin.

To a yau za mu kawo muku tarihin wani Musulmi ɗan ƙauye, wanda ya koyi dara a gaban mahaifinsa, har ta kai shi birnin Landan, ya zama zakaran ƙasar Birtaniya sau uku, ya kuma kayar da mutumin da duniya take ganin ba a kayar da shi. Bayan haka ya koma gona, duniya ta mance da shi har ya rasu. Sunansa Sultan Khan. Muna ganin akwai darasi a rayuwarsa ga duk mai haja, da duk wanda ke zaune a ƙarƙashin inuwar wani ubangida.

Wace irin dara ce?

Darar da muke magana a kai ita ce wadda Turawa ke kira ces, Larabawa kuma suke kiranta shaɗaranji. Asalinta daga ƙasar Indiya ne, wajen ƙarni na 6, daga nan ta shiga Farisa, Larabawa suka ɗauke ta suka kai har Andalus, sannan ta bazu a Turai. Ana yin ta ne a kan allo mai gidaje 64, kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 16: sarki ɗaya, sarauniya ɗaya (wadda mutanen gabas ke kira waziri), dawaki biyu, giwaye biyu, hasumiya biyu da kuma dakaru takwas. Kowanne da irin tafiyarsa. Wanda ya ritsa sarkin abokin karawarsa har ya rasa gidan gudu, shi ya ci.

A ƙarshen ƙarni na 15 Turawa suka sauya wasu dokokin wasan don ya ƙara sauri, yayin da mutanen Indiya suka ci gaba da irin tasu. A darar Indiya dakare ba ya tsallaka gida biyu a tafiyarsa ta farko, kuma babu dabarar nan ta Turawa ta ɓoye sarki a lungu tare da fito da hasumiya a motsi guda. Saboda haka wasan Indiya yana farawa ne a hankali, kamar mai ɗaura kaya a kan raƙumi. Ku riƙe wannan bayani, domin za mu dawo kansa.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Sultan Khan a shekarar 1903 a garin Mitha Tiwana, cikin lardin Fanjab, a yankin da yanzu yake ƙasar Pakistan. A lokacin Indiya da Pakistan ƙasa ɗaya ce a ƙarƙashin mulkin Turawan Ingila. Garin nasu yana bakin wani yanki mai rairayi da ƙarancin ruwa da ake kira Thal, inda mutane ke rayuwa da noma da kiwo, kamar dai yadda muka sani a arewacin jihar Maraɗi. Littattafai da yawa suna rubuta sunansa Mir Sultan Khan, amma zuriyarsa sun bayyana cewa laƙabin gidansu Mian ne.

Mahaifinsa, Mian Nizam Din, gwani ne a darar Indiya, kuma shi ya fara koya masa yana ɗan shekara 9. Babu makaranta, babu littafi, babu agogo; zama ne kawai gaban allo, a sha kaye a sake jerawa. Kafin ya wuce shekara 21 an riga an sallama masa a matsayin wanda ya fi kowa iyawa a duk faɗin Fanjab.

Haɗuwarsa da ubangidansa

A wannan yanki akwai wani hamshaƙin mai filaye kuma babban hafsan soja, Malik Umar Hayat Khan Tiwana, wanda Turawa suka ba lambar girma ta Sa. Mutum ne mai dukiya da dawaki da barori, mai kuma sha'awar wasanni. Da labarin saurayin ya kai gare shi, sai ya jawo shi gidansa a shekarar 1926, ya sa aka koya masa dokokin darar Turawa. Niyyarsa ita ce ya kai shi Turai ya gwada shi da gwanayen can.

Bayan shekara biyu, wato a 1928, aka shirya gasar dukkan Indiya a birnin Delhi. Sultan Khan ya yi wasa tara, ya ci takwas, ya yi kunnen doki a ɗaya. Babu wanda ya kayar da shi. A shekarar 1929 aiki ya kai Sa Umar birnin Landan, inda ya zama ɗaya daga cikin masu ba gwamnatin Ingila shawara kan al'amuran Indiya, sai ya tafi da gwanin nasa.

A nan akwai wani batu da ya kamata mu fayyace. Marubutan Turawa sun daɗe suna bayyana Sultan Khan a matsayin bara kuma jahili. Ko a shekarar 2020 da wani gwanin dara na Ingila, Daniel King, ya wallafa littafi a kan rayuwarsa, ya kira shi bara a bangon littafin. Ɗansa da jikarsa sun fito sun musanta haka, inda suka ce gidansu gidan malamai ne masu gonakinsu na gado, kuma dangantakarsa da Sa Umar ta mai gwaninta ce da mai ɗaukar nauyinsa. Mu dai a nan mun san cewa rashin karatun boko ba shi ne jahilci ba. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne, kuɗin jirgi da masauki da abinci duk daga aljihun Sa Umar suke fita, kuma zaman Sultan Khan a Turai yana rataye ne da zaman ubangidan nasa.

Yadda Turawa suka tsara darar su

Abin da Sultan Khan ya tarar a Ingila ya bambanta da abin da ya baro a gida. A can kusan kowane gari da kowace unguwa suna da kulob na 'yan dara, kuma mafi yawan 'yan kulob ɗin ba sana'arsu ba ce. Akawu ne da malaman makaranta da masu kantuna da ma'aikatan gidan waya, waɗanda ke haɗuwa da dare bayan an tashi aiki. Tun ƙarshen ƙarni na 19 kulob-kulob na Landan suke da gasar rukuni da suke yi duk shekara, inda kowanne ke karawa da sauran bi da bi.

Ga yadda karawar take. Kowane kulob zai jera 'yan wasansa bisa ƙarfinsu. Wanda ya fi iyawa ya zauna a allo na ɗaya, mai bi masa a allo na biyu, haka har zuwa na ƙarshe, kowa ya fuskanci takwaransa. Wanda ya ci yana samar wa kulob ɗinsa maki ɗaya, kunnen doki rabin maki, wanda aka ci kuma ba shi da komai. A ƙarshe a haɗa makin duka. Ma'ana, cin da yaro ya yi a allo na ƙarshe daidai yake da cin da gwani ya yi a allo na farko. Akwai agogo mai fuska biyu da ke ƙidaya wa kowa lokacin tunaninsa, ana kuma rubuta duk motsin da aka yi, shi ya sa har gobe ana iya sake jera wasannin da aka yi shekara ɗari da suka wuce.

Wannan tsari shi ne kasuwar da ake baje gwaninta. Yaro zai fara daga allon ƙarshe na kulob ɗin unguwarsu, yana hawa a hankali, har a zaɓe shi ya wakilci lardi, daga nan ƙasa. Sultan Khan shi ma ya shiga cikin wannan harka ta hanyar kulob ɗin Imperial da ke Landan.

Farkon shigarsa bai zo da daɗi ba. An shirya masa wata ƙaramar gasa ta gwaji ta mutum huɗu, sai ya ƙare a ƙasa tare da wani. Dalili kuwa a fili yake: Turawa sun shafe shekaru suna rubuta littattafai kan yadda ake buɗe wasa, suna haddace su, shi kuwa bai san ko ɗaya ba, ga shi kuma ya saba da dokokin Indiya. Biyu daga cikin waɗanda suka wuce shi a wannan gasa, William Winter da Frederick Yates, su ne suka zauna suka riƙa horar da shi. Ba a yi wata nawa ba, a cikin wannan shekara ta 1929, aka yi gasar zakarun Birtaniya a garin Ramsgate, baƙon da ya zo ƙarshe a gwaji ya ɗauke kambun. Dara ta ci gida ke nan.

A allo na ɗaya na Ingila

Ya koma gida na ɗan lokaci, sannan ya dawo Ingila a watan Mayu na 1930. Hukumar dara ta duniya, wato FIDE, wadda aka kafa a birnin Faris a 1924, ta riga ta fara shirya gasar ƙasashe tun 1927, bisa tsarin nan na kulob da muka bayyana, sai dai kowace ƙasa allo huɗu take jerawa. A gasar 1930 da aka yi a birnin Hambug na Jamus, Ingila ta ɗora Sultan Khan a allo na ɗaya, malamansa Yates da Winter suna bayansa. Wato ƙasar da ke mulkin Indiya ta sa ɗan ƙauyen Indiya a gaba don ya tare mata manyan duniya. A wasa 17 ya ci 9, ya yi kunnen doki 4, aka ci shi 4.

A shekarar 1931 aka sake haɗuwa a birnin Firag, inda ya fi nuna bajinta. Ya ci 8, kunnen doki 7, aka ci shi 2 kacal. Cikin waɗanda ya kayar akwai Akiba Rubinstein na Foland da Salo Flohr, ya kuma yi kunnen doki da zakaran duniya na lokacin, Alexander Alekhine. Karo na uku shi ne na garin Folkestone a 1933, inda ya ci 4, kunnen doki 6, aka ci shi 4.

Duk da wannan ƙoƙari Ingila ba ta ɗauki kofi ko sau ɗaya ba. Foland ce ta ɗauka a 1930, Amurka kuma ta ɗauka a 1931 da 1933, domin su 'yan wasansu huɗu duk ƙarfafa ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da kuwa hannun na Sultan Khan ne.

Ranar da ya kayar da Capablanca

Wasan da ya fi ɗaukaka sunansa an yi shi ne a gasar garin Hastings, a ƙarshen shekarar 1930. Abokin karawarsa shi ne Jose Raul Capablanca, mutumin ƙasar Kyuba, wanda ya riƙe kambun duniya daga 1921 zuwa 1927, wanda kuma ya taɓa shafe shekara takwas, daga 1916 zuwa 1924, ba a ci shi ko wasa ɗaya ba a gasa.

A nan ne tarbiyyar gida ta yi rana. Sultan Khan bai ɓoye sarkinsa a lungu kamar yadda littattafan Turawa suka koyar ba, ya bar shi a tsakiya kamar yadda ya saba a Mitha Tiwana. Ya yarda ya ba da sarauniyarsa ya karɓi hasumiya biyu a madadinta, ciniki ne da masu kallo da yawa suka yi zaton ba zai fitar da shi ba. Daga nan ya shiga matse Capablanca sannu a hankali, yana toshe masa hanya ɗaya bayan ɗaya, har sarauniyar tasa ta rasa abin yi sai kai da komowa. A motsi na 65 tsohon zakaran duniya ya sallama. Har yanzu ana koyar da wannan wasa ga masu koyon dara. A gasar baki ɗaya Sultan Khan ya zo na uku, bayan Max Euwe na ƙasar Holan da shi Capablanca ɗin.

A 1931 ya yi karon mutum biyu da Savielly Tartakower, wani gogaggen gwani, wasa 12, ya ci 4, aka ci shi 3, sauran 5 kunnen doki. A 1932 Flohr ya rama a irin wannan karo da ƙyar, da tazarar wasa ɗaya. Kambun Birtaniya kuwa sau huɗu ya nema: ya ɗauka a 1929, malaminsa Yates ya karɓe a 1931, shi kuma ya sake ɗauka a 1932 da 1933.

Masana sun yi ittifaƙin cewa rauninsa yana farkon wasa ne, ƙarfinsa kuma yana tsakiya da ƙarshe, inda hadda ba ta aiki sai lissafi da haƙuri. An kuma shaide shi da natsuwa. Ko ya ci ko an ci shi, fuskarsa ɗaya ce.

Fatima, zakarar mata

Iyayenmu mata, ga naku rabon. A gidan Sa Umar na Landan akwai wata budurwa 'yar Fanjab mai suna Gulam Fatima, wadda ta koyi dara a gidan, Sultan Khan yana cikin masu koya mata. A shekarar 1933, a garin Hastings, a gasar da shi ya ɗauki kambun maza, ita ta ɗauki na matan Birtaniya. A wasa 11 ta ci 10, ta yi kunnen doki 1, ta ba mai bi mata tazarar maki uku. A shekara guda gida ɗaya na baƙi Musulmi ya kwashe kambun maza da na mata na ƙasar da ke mulkinsu.

Komawarsa gida

Sai dai zaman Ingila bai karɓi Sultan Khan ba. Sanyi ya dame shi, yana fama da mura da ciwon maƙogwaro, ga zazzaɓin cizon sauro da ke taso masa lokaci zuwa lokaci. Sau da yawa yakan zo wajen wasa wuyansa a naɗe. Ita kanta darar ba ta ciyar da mai ita a wancan zamani. Malaminsa Yates, wanda ya riƙe kambun Birtaniya sau shida, ya mutu a 1932 cikin talauci a ɗakin haya a Landan, sakamakon iskar gas da ta tsiyaya yana barci.

A watan Disamba na 1933 Sa Umar ya tattara iyalinsa da mutanensa ya koma Indiya, Sultan Khan da Fatima suna ciki. Shekarunsa 30 a lokacin, wato daidai lokacin da ɗan dara yake kai ganiyarsa. Daga ranar Turai ba ta sake ganinsa ba. Fatima ta faɗa daga baya, bayan ta tsufa, cewa ya ji kamar wanda aka sako daga kurkuku ne. A 1935 ya yi wani karo da gwanin Indiya V. K. Khadilkar, ya ci 9, kunnen doki 1, daga nan sai labarinsa ya ɗauke.

A ƙauyensu babu kulob, babu gasar rukuni, babu wanda zai biya kuɗin jirgi. Sa Umar ya rasu a 1944. Sultan Khan ya rungumi gonarsa, ya yi aure, Allah ya ba shi 'ya'ya maza da mata. A 1947 aka raba ƙasa, yankinsu ya faɗa Pakistan. Babban ɗansa ya ba da labarin cewa mahaifin nasu ya ƙi koya musu dara, yana yi musu nasiha da su nemi abin da ya fi amfani a rayuwa, ya kuma tsaya a kan karatunsu.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa ranar 25 ga Afrilu, 1966, a garin Sargodha, bayan fama da tarin fuka, yana da shekara 63. A 1950 hukumar FIDE ta fara raba laƙabin babban gwani, har ta ba wasu daga cikin waɗanda ya kayar, irin su Rubinstein da Flohr da Tartakower, amma shi ba a tuna da shi ba, domin babu ƙungiyar da za ta kai sunansa. Sai a watan Fabrairu na 2024, shekara kusan 58 bayan rasuwarsa, shugaban hukumar ya je birnin Islamabad ya miƙa takardar laƙabin girmamawa ta babban gwani da sunansa.

Abin da muka tsinta

'Yan kasuwa sun fi kowa sanin cewa haja komai kyanta, in ba ta samu kasuwa ba, a ɗaka take tsufa. Gwanintar Sultan Khan hajar gida ce, a gaban mahaifinsa ya same ta, kuma ita ce ta kayar da Capablanca. Amma rumfar da ya baje ta ta mutum ɗaya ce, ranar da mai rumfa ya naɗe tabarmarsa ciniki ya tsaya. Akawun Landan da bai kai shi rabin iyawa ba ya ci gaba da wasa har tsufa, saboda shi rumfarsa ta jama'a ce: kulob ne da suke tara ɗan kuɗinsu da kansu, suke da ranar haɗuwa da littafin rubuta sakamako. Wannan bai rage alherin Sa Umar ba, domin ba don shi ba da ba mu ji sunan Sultan Khan ba. Amma yaron shago da ke tare da ubangida ya kamata ya riƙa tunanin ranar da zai tsaya da ƙafarsa, ubangida na gari kuma shi ne wanda ke sallamar yaronsa da jari.

Haka nan mu dubi namu. Muna da gwanayen dara a Dakoro da ƙauyukan da ke kewaye da ita waɗanda in sun mutu sunansu ke bin su kabari, don babu wanda ya rubuta wa ya ci wa. Mun ga yadda kokawar gargajiya ta ɗaukaka a Nijar tun da aka tsara mata gasar ƙasa a 1975, har takobi ya zama abin da kowace jiha ke nema. Waɗanda suka iya riƙe adashi shekara da shekaru ba tare da rigima ba, ba za su kasa tsara karawa tsakanin 'yan layin hatsi da 'yan kara, ko tsakanin unguwa da unguwa ba, mutum biyar-biyar, a jera su bisa ƙarfi, a samu mai rubutawa, da sharaɗin babu caca kuma in an kira salla a tashi. Ta haka ne yaro mai kaifin lissafi zai samu inda za a gan shi ba sai ya jira wani attajiri ya biyo ta ƙauyensu ba.

Allah ya jiƙan Sultan Khan, ya gafarta masa, ya sa albarka a kasuwanninmu da zuriyarmu.